Sharhi kan Occupational Outlook Handbook, kundin da ke hasashen sana'o'in Amurka

A kowace shekara, tsakanin ƙarshen Agusta da farkon Satumba, Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da BLS, takan fitar da hasashenta na yadda ayyukan yi za su kasance a ƙasar cikin shekara goma masu zuwa. Kafin a kwana biyu jaridu sun tsamo jerin sana'o'in da aka ce su ne za su fi bunƙasa, daga nan jerin ya faɗa Facebook da WhatsApp, ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya iso hannun ɗalibin da ke tunanin kwas ɗin da zai nema a jami'a. Abin da ba ya isowa tare da jerin shi ne kundin da aka tsamo shi daga ciki, wato Occupational Outlook Handbook, wanda yake nan kyauta a shafin hukumar na intanet, babu rajista, babu talla, babu kuɗin shiga. Na daɗe ina leƙa wannan kundi, kuma ra'ayina a kansa shi ne cewa ya fi jerin da ake yaɗawa amfani nesa ba kusa ba, amma ba ta fuskar da yawancin mutane ke zato ba.

Kundin ya kwana biyu a duniya. An fara buga shi a shekarar 1949, lokacin da miliyoyin 'yan mazan jiya suka dawo gida daga Yaƙin Duniya na Biyu, wata dokar Amurka ta 1944 ta ɗauki nauyin karatunsu, ana kuma neman abin da zai nuna musu sana'ar da ke da kasuwa kafin su kashe shekarunsu a kanta. Hukumar da ke shirya shi ta girme shi ƙwarai, domin tun 1884 aka kafa ta, yanzu kuma tana ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta ƙasar. A da littafi ne mai kauri da ake sabuntawa duk bayan shekara biyu, ana ajiye shi a ɗakunan karatu da ofisoshin malaman da ke ba ɗalibai shawara, amma yanzu ya koma intanet, kuma tun daga 2019 hasashen da ke cikinsa kowace shekara ake sabunta shi.

Wanda ya buɗe shafin kowace sana'a zai tarar da tsari iri ɗaya, kuma wannan daidaito yana cikin abubuwan da suka fi burge ni. Akwai bayanin abin da masu sana'ar ke yi daga safe zuwa yamma, da yanayin wurin aikin, wato ko a tsaye ake wuni ko a zaune, ko akwai aikin dare, ko akwai haɗarin rauni. Sannan akwai hanyar shiga sana'ar, daga takardar shaidar da ake nema zuwa lasisin da wasu jihohi ke wajabtawa, sai albashi, sai hasashe, sai kuma sana'o'in da suka yi kama da ita ga wanda ya ga wannan ba ta yi masa ba. Idan aka ɗauki ma'aikatan jinya masu rajista a matsayin misali, bugun da ya ƙunshi 2023 zuwa 2033 ya nuna cewa yawansu ya kai kimanin miliyan 3.3, albashinsu na tsakiya dala 86,070 ne a shekara, ana sa ran yawansu zai ƙaru da kashi 6 cikin ɗari, ana kuma sa ran guraben aiki kimanin 194,500 za su riƙa buɗewa duk shekara. Albashin tsakiya da kundin ke bayarwa shi ne wanda rabin ma'aikatan ke samun sama da shi, rabi kuma ƙasa da shi, kuma an yi dabara da aka zaɓe shi, domin 'yan tsirarun da ke kwasar maƙudan kuɗi ba za su ja lissafin sama su yaudari mai karatu ba. Ana kuma nuna abin da kashi goma na can ƙasa ke samu da abin da kashi goma na can sama ke samu, wanda shi ne ya fi nuna wa sabon shiga inda zai fara.

Wannan ɓangare na bayani, wanda babu hasashe a cikinsa, a ganina shi ne ƙashin bayan kundin. An rubuta shi da Turanci mai sauƙi, ba kurari, ba zuga. Ban taɓa cin karo da shafin da ke yi wa wata sana'a kirari ba, kuma inda aikin yake da wahala ko ƙarancin albashi, haka ake faɗa kai tsaye.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wajen karanta hasashen, kuma a nan ne jerin da ke yawo a waya yake yin ɓarna. A bugun 2023 zuwa 2033, sana'ar da ta zo ta ɗaya wajen saurin bunƙasa ita ce ta masu gyaran injinan da ke samar da lantarki daga iska, da ƙarin kashi 60 cikin ɗari, sai masu kafa farantan sola da kashi 48 suka biyo baya. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka cewa duk Amurka hawa dogayen turakun injinan iska za ta koma. Amma wanda ya matsa zuwa layi na gaba zai ga cewa masu wannan sana'a a 2023 ba su wuce kimanin 11,400 ba a faɗin ƙasar, saboda haka ƙarin kashi 60 ɗin bai wuce sababbin ayyuka 6,800 cikin shekara goma ba. A gefe guda kuma akwai masu kula da tsofaffi da marasa lafiya a gida, waɗanda ƙarinsu kashi 21 ne kacal, amma da yake tun asali sun kusa miliyan huɗu, wannan kashi 21 ya zama ayyuka kimanin 820,500. Ashe sana'ar da za ta fi kowace samun sababbin ayyuka ba ta kwamfuta ba ce, ba kuma ta makamashi ba. Aikin wanka da ciyarwa da ɗaga tsoho daga gado ne, kuma albashinsa na tsakiya a 2023 dala 33,530 ne, wanda bai kai rabin na ma'aikacin jinya ba. Wannan gaskiya ce marar daɗin ji, shi ya sa ba ta cika shiga kanun labarai ba, amma kundin bai ɓoye ta ba.

Akwai kuma wani lissafi da ya fi wannan ɗaure kai ga wanda bai saba ba. Aikin kashiya a kantuna yana cikin waɗanda aka yi hasashen za su fi raguwa, da kusan kashi 11 cikin ɗari, saboda injinan da mai saye ke biyan kuɗi da kansa da kuma sayayya ta intanet. Duk da haka, shafin ɗaya ya nuna cewa guraben aikin kashiya fiye da rabin miliyan za su riƙa buɗewa kowace shekara. Babu tufka da warwara a nan. Yawancin guraben da ke buɗewa a kowace sana'a ba sababbi ba ne. Wani ne ya yi ritaya, ko ya koma makaranta, ko ya canja sana'a, aka nemi mai maye gurbinsa. Hukumar ta sake fasalin yadda take ƙidaya wannan a 2017, ta yadda yanzu take lissafa waɗanda suka bar aiki gaba ɗaya da waɗanda suka tsallaka wata sana'a. Ga mai neman aiki, adadin guraben shekara ya fi kason bunƙasa muhimmanci, kuma da ni ne mai tsara shafin, da wannan adadi na ɗora a saman akwatin taƙaitawa, maimakon a bar shi cikin sakin layi inda mai gaggawa zai iya tsallake shi.

Tambayar da ta fi kowace ita ce ta ina alƙaluman ke fitowa, kuma hukumar ta cancanci yabo da ta baje hanyarta a fili. Tana farawa ne daga yawan jama'a, inda take ɗaukar hasashen hukumar ƙidayar ƙasar ta lissafa mutum nawa ne za su kasance cikin masu aiki ko neman aiki, gwargwadon shekarunsu da jinsinsu. Daga nan sai ta ƙiyasta girman tattalin arzikin, da abin da gidaje da kamfanoni da gwamnati da ƙasashen waje za su saya, sai ta bi diddigin abin da kowace masana'anta za ta samar domin biyan wannan buƙata, har da abin da masana'antu ke saye a tsakaninsu, kamar ƙarfen da mai ƙera mota ke saye daga mai narkar da tama. Bayan haka ne ake lissafa ma'aikata nawa kowace masana'anta za ta buƙata, a ƙarshe kuma a rarraba su zuwa sana'o'i fiye da 800 ta amfani da wani babban jadawali da ke nuna, misali, kashi nawa na ma'aikatan asibiti ne likitoci, kashi nawa akawu ne, kashi nawa masu shara. Jadawalin da alƙaluman albashi sun dogara ne kan binciken da ake yi a wuraren aiki kimanin miliyan 1.1 cikin shekara uku.

Wanda ya fahimci wannan sarƙa zai gane dalilin da ya sa wasu sassan hasashen suka fi wasu ƙarfi. Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma tsufan al'umma irin wannan Larabar ce. Ɗimbin 'ya'yan da aka haifa a Amurka tsakanin 1946 da 1964 duk za su kai shekara 65 ko fiye nan da 2030, kuma ba a buƙatar duba ko bugun ƙasa kafin a san cewa za su buƙaci likita da mai jinya da mai kula da su a gida. Shi ya sa fannin lafiya da kula da jama'a ya daɗe yana jan ragamar hasashen, kuma shi ya sa jimillar ƙarin ayyukan take tafiyar hawainiya: miliyan 6.7 a bugun 2023 zuwa 2033, sannan miliyan 5.2, wato kashi 3.1 cikin ɗari, a bugun 2024 zuwa 2034. Masu barin aiki suna da yawa, haihuwa ta ragu, saboda haka hannuwan da za su yi aikin ba sa ƙaruwa kamar da. A irin waɗannan al'amura masu tafiya sannu a hankali na yarda da kundin ƙwarai.

Amma akwai wani sharaɗi da aka gina dukkan lissafin a kansa wanda dole mai karatu ya sani. Hukumar tana ɗauka cewa a shekara ta goma tattalin arziki zai kasance cikin ƙoshin lafiya, kusan duk mai neman aiki yana da shi, ba yaƙi, ba annoba, ba durƙushewar bankuna. Ta faɗi haka da bakinta, kuma dalilinta abin fahimta ne, tunda babu mai iya sa wa masifa rana. Sai dai tarihi bai cika mutunta wannan sharaɗi ba. Hasashen 2000 zuwa 2010 ya yi tsammanin ƙarin ayyuka fiye da miliyan 20, har da ɗan ƙari a masana'antun ƙere-ƙere. Abin da ya faru shi ne Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a ƙarshen 2001, kayanta suka cika kasuwa, injina suka ci gaba da maye gurbin hannu, sannan koma-bayan tattalin arziki na 2007 zuwa 2009 ya zo ya ƙarasa. Ma'aikatan masana'antu da suka haura miliyan 17 a 2000 sun dawo ƙasa da miliyan 12 a 2010, jimillar ayyukan ƙasar kuma ta ƙare shekarun goman ba tare da ta ƙaru ba. Matashin da ya dogara da wancan hasashe ya shiga masaƙa ko masana'antar kujeru a jihar Karolina ta Arewa, shi ya san abin da ya gani.

Haka aka sake yi da annobar korona. A watan Afrilun 2020 kaɗai Amurka ta yi asarar ayyuka fiye da miliyan 20, rashin aikin yi ya haura kashi 14 cikin ɗari, alhali hasashen 2019 zuwa 2029 da ya fito a watan Satumban wannan shekara an gina shi ne kan alƙaluman kafin annobar. Abin da ya rage zafin wannan a wurina shi ne hukumar ba ta yi shiru ba: ta sanar da cewa bugun bai ƙunshi tasirin annobar ba, daga baya ta fitar da wani lissafi na daban kan yadda abubuwa za su iya sauyawa. Tana kuma da al'adar komawa ta auna tsofaffin hasashenta da abin da ya auku, ta buga sakamakon kowa ya gani. Masu sayar da hasashe a duniya suna da yawa, amma masu dawowa bayan shekara goma su nuna inda suka yi kuskure ba su da yawa.

Duk da haka ina da ƙorafi a nan. Kundin yana ba da adadi ɗaya tak, a ce kashi 6 ko kashi 17, ba tare da ya nuna tazarar da kuskure zai iya kaiwa ba, kuma adadi ɗaya tilo yana sa wa mai karatu natsuwar da lissafin bai cancanta ba. Hasashen ƙarin ma'aikatan jinya da hasashen ƙarin masu rubuta manhaja ba ƙarfinsu ɗaya ba, amma a shafi kamanninsu ɗaya.

Maganar masu rubuta manhaja ta kawo mu kan ƙirƙirarriyar basira, wato fasahar AI da ke sa kwamfuta yin aikin da a da sai da tunanin ɗan adam, wadda ita ce babbar jarrabawar da ke gaban duk mai hasashen ayyuka a yau. Matsayin hukumar shi ne fasaha takan shiga wuraren aiki a hankali, kuma lissafinta ya ginu ne kan saurin da aka saba gani a baya. A farkon 2025 ta wallafa nazari kan yadda take shigar da tasirin wannan fasaha cikin hasashen wasu sana'o'i, kuma a bugun 2023 zuwa 2033 ta bar masu rubuta manhaja da ƙarin kusan kashi 18 cikin ɗari, yayin da ta rage wa ayyukan ofis irin na masu amsa kiran abokan ciniki da masu shigar da bayanai. Wasu na ganin wannan sanyin jiki ne. Amma ya kamata a tuna cewa masu zafin hasashe su ma sun sha ƙasa. A 2013 wasu masana biyu na Jami'ar Oxford, Carl Frey da Michael Osborne, sun ƙiyasta cewa kashi 47 cikin ɗari na ayyukan Amurka suna cikin babban haɗarin komawa hannun injina, kuma aka yi ta yaɗa adadin kamar hukunci ne da aka riga aka yanke. A 2016 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin iyayen wannan fasaha, ya ba da shawarar a daina horar da likitocin da ke karanta hotunan asibiti domin kwamfuta za ta fi su cikin 'yan shekaru, amma har yau asibitocin Amurka neman waɗannan likitoci suke yi ruwa a jallo. Tsakanin mai gaggawa da mai jan ƙafa, na fi son mai jan ƙafar da ke sabunta lissafinsa duk shekara, ko da yake hanyar da ta dogara kan abin da ya gabata ba za ta iya hango sauyin da bai taɓa faruwa ba.

Idan aka kwatanta shi da rahoton makomar ayyuka na Dandalin Tattalin Arzikin Duniya, wanda bugunsa na 2025 ya ce za a samar da ayyuka miliyan 170 a rasa miliyan 92 nan da 2030, bambancin a fili yake. Wancan ya dogara ne kan tambayar manyan kamfanoni fiye da dubu abin da suke tsammani, yana da daɗin kawowa a jawabin taro, amma ba zai gaya wa yarinyar da ke son zama mai haɗa magunguna shekara nawa za ta yi a makaranta ba.

Akwai giɓi biyu da suka fi damuna. Na farko, kundin yana ƙidaya buƙatar ma'aikata ne kawai, ba ya ƙidaya masu neman shiga. Sana'a tana iya bunƙasa da kashi 30 cikin ɗari, amma idan jami'o'i suna yaye ninkin abin da ake buƙata, sabon mai digiri zai sha wahala duk da kyawun adadin. Na biyu, albashin da ake nunawa na ƙasa baki ɗaya ne, kafin a cire haraji, kuma bai haɗa da masu zaman kansu ba. Dala dubu 60 a birnin New York da dala dubu 60 a ƙauyen jihar Misisipi ba abu ɗaya ba ne, domin kuɗin haya kaɗai ya isa ya raba su. Akwai mahaɗin da ke kai mutum ga alƙaluman jihohi da birane, amma sai wanda ya san da shi yake bi.

Ga mai karatu da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi, amfanin kundin ya tsaya ne a wurare biyu. Wanda ke shirin karatu ko aiki a Amurka zai sami bayanin da ya fi na dillalan biza gaskiya, musamman kan lasisi, domin ma'aikaciyar jinya da ta yi karatu a waje sai ta ci jarrabawar NCLEX, wato jarrabawar samun lasisin aikin jinya, ta kuma cika sharuɗɗan jihar da take son zama kafin ta taɓa majinyaci. Wanda kuma kawai yake son sanin abin da wata sana'a ta ƙunsa, kamar bambancin injiniyan lantarki da mai haɗa wayar gida, zai ƙaru ko da ba zai taɓa hawa jirgi ba.

Alƙaluman hasashen kuwa ba sa ƙetare teku. Injin da ke tura su shi ne tsufa, a ƙasar da rabin mutanenta suka haura shekara 39, alhali a Nijeriya rabin jama'a ba su wuce kimanin shekara 18 ba, a Nijar kuma kimanin 15. Bugu da ƙari, jadawalin sana'o'in da alƙaluman albashi sun rataya ne kan wuraren aiki masu rajista da ke cika takardar bincike su faɗi yawan ma'aikatansu da albashinsu, yayin da a Nijeriya alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki suna ɓangaren da ba shi da irin wannan rajista, daga manomi zuwa tela zuwa mai Keke Napep. Ko ma'aunin rashin aikin yi kansa bai daɗe da sauyawa ba: an bayyana kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sannan kashi 4.1 a farkon 2023, bayan an koma tsarin da ke ƙidaya duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Ɗalibin da ya ga an ce masu nazarin bayanai za su ƙaru da kashi 36 cikin ɗari, ya sani cewa kamfanonin Amurka aka ƙidaya, kuma idan a Kaduna yake niyyar neman aiki, sai ya je ya tambayi masu ɗaukar aiki a Kaduna.